Yadda Na Zama Kaka-ta-dafa

Shekarar da aka rufe iyakarmu da Najeriya, kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa kamar mai jin haushinmu, a shekarar ce na shiga makarantar manya. Na tuna sosai, domin a lokacin duk wanda ka gani a Maraɗi yana tafe da salula a hannu yana neman inda zai yi sharji, ni kuwa ina tafe da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, a ƙarƙashin riga ina neman hanyar da ba zan gamu da wanda ya san ni ba.

Sana'ata kayan miya ce. Ina saro tattasai da albasa da zogale a lambunan Jiratawa, in kawo kasuwa in kasa. Na kusa shekara hamsin ban san baƙin boko ko ɗaya ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba, sai da salula ta zo. Mutanen da ke cikin salulata da hoto nake gane su. Wata rana wani mai lambu ya cusa mini ruɓaɓɓen tattasai a gindin buhu, na ɗauki salula na yi masa saƙon murya mai zafi, na ce masa tsufa bai hana shi ha'inci ba, na aika. Shi ba shi da hoto. Surukata ma ba ta da hoto. Ita ta samu saƙon. Bayan na gama zaryar ban haƙuri, na ce wannan ya isa, gara in koyi karanta sunan mutum.

Amma akwai wanda ba na son ya ji labarin, shi ne taubashina, ɗan gwaggota, Bagobirin Tibiri. Mun yi kusan sa'a, yana sayar da buhunan banza da igiya, kuma Allah ya ba shi wata baiwa marar amfani: in ya laƙa wa mutum suna, sunan ba ya fita. Akwai wani mahauci da ya zame a cikin taɓo sau ɗaya tak a gabansa. Mahaucin ya rasu da daɗewa, amma har yau da sunan zamewar nan ake kiran jikokinsa. Ni kuwa na rayu kusa da wannan mutum tun muna tsirara, yana kirana bawansa ina kiransa bawana kamar yadda taubasai ke yi, amma bai taɓa samun abin da zai laƙa mini ba. Ni mutum ne mai bin abu a hankali. Ba na gudu, ba na faɗuwa, ba na magana kafin in auna. Sunan da ubana ya raɗa mini shi kaɗai nake amsawa, kuma na yi niyyar in shiga kabari da shi.

Shi ya sa na tsallake makarantar da ke unguwarmu, na tafi can unguwar Zariya inda ba kowa ya san fuskata ba. Bayan la'asar muke zama, a ajin ƴan firamare, gwiwoyinmu suna tokare da tebur. Wadda ke koya mana mace ce, ba ta wuce sa'ar ƴata ta fari ba, muna ce mata Madam. Da ta ga kanmu ba ya riƙe abu daga yau zuwa gobe, sai ta fito da dabara: ta riƙa karanta darasi a hankali tana naɗa, ta aiko mana a salula. Za ta faɗi jimla, ta dakata, kai kuma ka maimaita kana bin kaye da yatsa.

Ranar farko a tsakar gida na kunna. Muryar Madam ta tashi garau: “Ka-ka. Kaka. Kaka ta dafa kaza.”

Mai ɗakina tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

“Malam, wace ce wannan mai dafa maka kaza?”

Na yi mata bayani. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane, sa'annan ta nuna mini katangarmu da haɓa. Katangar ba ta wuce kafaɗata ba, kuma matar maƙwabcinmu ƴar Tibiri ce.

“In kana son asirinka ya kwana, ka nemi abin nan da samari ke cusawa a kunne,” in ji ta.

Haka na fara harkar abin kunnen nan da ake ce wa ekutar.

Mai sayar da su yana da tebur da laima a bakin tasha, mutum ne mai ɗan gemu da saurin baki. Ya rataye su jere kamar kilishi, farare da baƙaƙe da masu ruwan zinari. Na ce masa ina son mai araha amma mai kyau. Ya ce duk wanda ya zo nan haka yake cewa. Ya zaro wani, ya sa a salularsa, ya cusa mini a kunne, ya kunna wata waƙa. Na ji kamar an kifa mini turmi a ka ana daka.

“Ka ji bas, Baba? Wanga shi ne bas!”

Na cire na ce masa ni ba bas na zo saye ba, magana nake son ji. Na ce ya bari in gwada da tawa salular. Na juya masa baya, na kunna Madam. Sai na ji wani ƙato yana magana daga cikin rijiya. Kalmomin suna nan, amma duk sun kumbura, kamar an jiƙa su sun kwana. Na ce wannan ya mayar mini da mace namiji, a ba ni wani.

Na biyun fari ne siriri. Shi kuma ya tsotse Madam har ta koma sauro. Duk inda ta ce “sa” ko “tsa” sai in ji kamar an soka mini tsinke. Na uku yana da wata ƙara a ƙarƙashin magana, shuuu, kamar ana suyar ƙosai a bayan ajin. Na huɗu ya yi dama-dama, sai dai Madam ta koma can nesa, kamar tana tsallaken Gulbi tana kirana.

Ni da nake sayen albasa, na san ba a gaggawa. Sai ka ɗaga, ka matsa wuyanta, ka shinshina, ka zube buhu ka ga gindinsa. Haka na yi wa teburin nan. Na zauna a bencinsa tun hantsi, in sa wannan in cire, in koma wa na baya in sake ji. Da farko yana ce mini Baba. Da rana ta take ya koma ce mini Alhaji, ko zan ji kunya in saya. Da aka kira azahar ya daina kirana da komai.

“Don Allah mi kake saurare haka? Wa'azi ne?”

“Wani abu ne mai kama da shi,” na ce.

Na ɗauki na huɗun, na tsallaken Gulbi. A gida na kira mai ɗakina na ce ta tsaya kusa da ni ta gaya mini ko tana jin wani abu. Na kunna. Ta ɗan karkata kai, sai ta ce, “Kaka ta dafa kaza.” Ashe yoyo yake yi. Abin da ke shiga kunnena rabi ne, rabin yana fita waje yawo. Da na je da shi kasuwa, da mai tumatir na kusa da ni ya riga ni haddace darasin. Na rataye shi a ƙusa. Daga baya na ga an ɗaure bakin buhun gero da shi.

Daga nan gwajina ya zama iri biyu, murya da yoyo, kuma mai ɗakina ta zama ma'aikaciyata. Wanda na saya bayan wannan ya ci duka biyun, na yi murna, sai ga shi kunnen hagu ba ya magana sai na lanƙwasa wayar na karkatar da wuya gefe guda. Na yini a rumfa a karkace kamar kazar da ke kallon shaho. Kafin la'asar mata uku masu sayen kayan miya sun ba ni maganin sanƙarar wuya, ɗaya ta ce man shanu da kanwa, ɗaya ta ce in juya matashi, ta ukun ta ce a samo wanda aka haifa ta ƙafa ya taka mini. Wannan ekutar ɗin a aljihun riga na manta shi, aka wanke shi da sabulu, aka shanya. Da ya bushe sai kunnen dama ma ya bi na hagu.

Hanyar Jiratawa ita ta koya mini gwaji na uku. Tafiyar tana da ɗan tsawo, na ga bai kamata ta tafi a banza ba, sai in riƙa sauraro a bayan ɗan kabu-kabu. To akwai ekutar mai kan roba mai tauri, wanda ba ya shiga kunne sai dai ya zauna a bakin ƙofa. Irinsa na saya na uku. Muryarsa ba laifi in kana zaune a ɗaki, amma da babur ya tashi iska ta shiga tsakani, sai Madam ta ɓace. In mun faɗa rami kuma ya fito ya yi ta lilo a ƙirjina. Na isa lambu, na tsuguna a bakin hanyar ruwa in wanke fuska, ya zame daga salular ya faɗa. Ina kallo ruwa ya tafi da shi wajen albasar wani.

Na huɗun da na saya bai yi laifin komai ba, Allah ya sani. Ban ma gama auna shi ba. Ina tsaye ina ciniki da mai zogale, na cusa shi a aljihu tare da ɗan ganyen da aka ba ni in ɗanɗana, wayar tana reto a waje. Na ji ana jan rigata a hankali, na ɗauka mai roƙo ne, na ce Allah ya ba mu. Da na waiga, akuya ce. Ta riga ta kai rabi. Muka yi ja-in-ja, ta bar mini wajen da ake sokawa a salula, ta tafi da kunnuwan.

Da na koma bakin tasha, mai laima ya hango ni tun daga nesa, ya fara tattara kayansa kamar hadari ya taso.

“Baba, don girman Allah, yau ina da ciwon kai.”

Na ce ba zan daɗe ba. Ya dube ni, ya san ƙarya ce. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani ƙaramin kwali da ya sha ƙura. Ya ce wannan tun kafin a rufe iyaka ya shigo, samari sun ƙi shi domin ba shi da bas, kuma ba shi da ƙyalli. Baƙi ne, ba kyan gani, amma bakinsa yana da roba mai taushi, har da wasu robobin manya da ƙanana a cikin leda, kowa ya zaɓi daidai ramin kunnensa. Ya zaɓa mini matsakaita, ya ce in ja kunnena sama in murza shi ciki.

Na murza. Tasha ta mutu. Ina ganin ƴan kamasho suna wage baki, ina ganin babura suna wucewa, amma kamar an rufe duniya da murfi. Na kunna.

Ban taɓa jin mutum kusa haka ba. Madam ba a kunnen dama take ba, ba a na hagu ba, tana zaune a tsakiyar kaina ta naɗe ƙafa. Ina jin inda take jan numfashi kafin ta fara jimla. Ina jin ta juya takarda. Darasin nan na saurare shi ya fi a ƙirga, amma ran nan na fara sanin akwai zakara a gidansu, yana cara can baya, kuma wani yana tafasa shayi. Kowane baƙi ya fito da gefensa, ba kumburi, ba tsinke, ba suyar ƙosai. Sai da mai laima ya taɓa kafaɗata na dawo.

“Yaya?” na ga bakinsa ya ce.

Na cire na ce, “Ba laifi.” Mai saye ba ya yabon kaya kafin a yi ciniki.

Ya ci gwajin yoyo. Mai ɗakina ta kawo kunnenta har yana gogar nawa, ta ce ko ƙis. Ya ci gwajin kabu-kabu, muka faɗa duk ramukan hanyar Jiratawa bai motsa ba. Na ɗinka masa ƴar jaka saboda akuya. A kasuwa sauraro kawai nake yi, baki a rufe, da kunne ɗaya saboda masu saye. A ɗakina kuwa, in na dawo da yamma, sai in sa duka biyun, in rufe ido, in riƙa maimaitawa a hankali, can ƙasa-ƙasa, yadda ko ƙuda ba zai ji ba. Haka nake zato. Karatuna ya fara tafiya, har Madam ta ce in na ci gaba haka zan wuce jarrabawar da za ta yi mana.

Ana gobe jarrabawar aka yi suna a Tibiri. Matar taubashina ce ta haihu, kuma gidan gwaggota ne, babu hanyar ƙin zuwa. Na yi sammako na hau kabu-kabu. Na yafa hirami a ka na sauko da shi ta kunnuwa, na bi da wayar ta cikin riga. Ko mai duba da fitila ba zai gani ba.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, rago yana ɗaure a gindin itacen bedi, ana ta raba goro da dabino. Taubashina ya tarye ni da babbar riga sabuwa.

“A'a, bawana ya iso! Ku ba shi tsintsiya ya fara aiki.”

“Na zo in ga ko jaririn ya yi sa'a ya ɗauko kamar uwarsa,” na ce.

Ya zagaye ni yana dubawa, kamar yadda ya saba, ko zai ga wani abu a karkace. Bai ga komai ba. Na gaisa da dattawa ɗaya bayan ɗaya, na nemi wuri can baya a jikin katanga na zauna.

Liman ya makara. An ce ya tsaya wani sunan a wata unguwa. Mutane suka ɓarke da hira, wannan yana maganar tsadar shinkafa, wancan yana rantsuwa a kan ranar da za a buɗe iyaka, maroƙi yana ta zuba kirari. Hayaniya ta kai inda ko ka kira na kusa da kai sai ka ɗaga murya. Na ce a raina, ga lokaci yana zuba a ƙasa, gobe kuma jarrabawa. Na sa hannu ƙarƙashin hirami kamar mai susa, na murza na dama, na murza na hagu. Tibiri ta mutu kamar yadda tasha ta mutu. Na laluba aljihu na kunna darasin farko, domin in bi su tun daga tushe. Na sunkuyar da kai, na rufe ido don in ga baƙaƙen a zuciyata. Duk wanda ya dube ni zai ce tasbihi nake yi.

Akwai abin da mai laima bai gaya mini ba, kuma duk gwaje-gwajena ba su taɓo shi ba. Na auna abin da ke shiga kunne. Na auna abin da ke fita daga kunne. Ban taɓa auna abin da ke fita daga bakina ba. Mutumin da aka toshe wa kunne ba ya jin kansa, sai ya riƙa ƙara murya yana neman ta, shi kuwa yana zaton raɗa yake yi.

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labari, kuma an ba ni shi sau da yawa. Liman ya iso. Aka yi masa hanya ya zauna. Maroƙi ya ce a yi shiru, aka yi shiru. Taubashina ya durƙusa ya kai bakinsa kunnen liman zai raɗa masa sunan yaro. A wannan lokacin ko tari ba a yi, har matan da ke cikin zaure suna kasa kunne. Sai aka ji daga jikin katanga, da muryar mai tallar kifi:

“KA-KA! KAKA! KAKA TA DAFA KAZA!”

An ce na dakata daidai yadda Madam ke dakatawa, sa'annan na sake, har da jan ƙarshen.

Ni dai abin da na sani, wani ya zungure ni a haƙarƙari. Na buɗe ido na ga duk fuskokin Tibiri sun juyo gare ni, bakuna a buɗe, babu sauti. Wani dattijo goro ya faɗo daga bakinsa. Liman ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Na fizge hiramin, ekutar ya biyo shi ya fito fili yana lilo, sai duniya ta dawo mini gaba ɗaya, kuma dariya ce.

Taubashina bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali daga gaban liman, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya ɗaga hannu biyu sama.

“Alhamdu lillahi. Shekara nawa ina jira!” Ya juyo gare ni. “Ta dafa, bawana? To ina tamu? Ku shiga ku gaya wa kaka baƙi sun taru, a fito da kazar!”

Liman ya yi gyaran murya, aka natsu da ƙyar, aka raɗa wa yaro suna, aka yi addu'a aka shafa. Amma ran nan mutum biyu aka raɗa wa suna a ƙofar gidan, kuma nawa ya riga na jaririn zagaya gari. Kafin a kwantar da rago na ji wani yana cewa a miƙa wa Kaka-ta-dafa ruwa.

Gwaggota ta aiko a kira ni cikin gida. Na shiga ina jiran faɗa. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune a kan tabarma da carbi. Ta ce, “Ɗan nan, ashe boko kake yi?” Na ce e. Ta ce, “To Allah ya buɗa kai. Amma ka gaya wa malamar taku, kakar da ta samu kaza a wannan tsadar, ta yi shiru da bakinta.” Matan ɗakin suka sake fashewa.

Ina fitowa taubashina ya tare ni a zaure, ya miƙo hannu.

“Tara. Ka ɓata mini suna, ka ba ni abin kunnen.”

Tsakanin taubasai, abin da ɗaya ya kama a irin wannan rana ya kamu. Na ce masa robar ta sha kunnena. Ya ce zai wanke. Na ba shi har da ƴar jakar. Ban tsaya jiran nama ba, na tare ɗan kabu-kabu. Muna fita gari ya waiwayo ya ce, “Maraɗi za mu, Kaka-ta-dafa?”

A gida na zauna na ba mai ɗakina labari tun daga farko. Ta saurara ba ta yi mamaki ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Na ce, “Ke, dama haka nake yi a ɗaki?”

“Kullum.”

“Da ƙarfi?”

“Har bakin rijiya ana ji.”

“Shi ne ba ki gaya mini ba?”

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. “Ka ce in gaya maka in abin kunnen yana yoyo. Ba ya yoyo.” Sai ta ɗago. “Kuma da na gaya maka, da ka rage murya. Ni da maƙwabciya mun kai darasi na tara. Ita ta fi ni, don ta wajenta tagarka take.”

Na tambaye ta yadda aka yi ƴar Tibiri ta riƙe wannan magana ba ta kai gida ba. Ta ce sun yi shawara ne: in labari ya isa Tibiri zan daina, makarantarsu ta mutu.

Washegari na je na yi jarrabawa, na wuce. Tun da abin da nake ɓoyewa ya riga ya fita, sai na koma kunna Madam a fili a tsakar gida, mata biyu suna zaune a bayana da nasu kaye. Yanzu ina karanta sunan kowa a salulata. Na surukata na rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Ba a jima ba taubashina ya kira ni. Bayan ya gama kirana da sabon sunan iya son ransa, sai ya rage murya. Ya ce abin kunnen nan yana da kyau, amma waƙa ba ta daɗi a cikinsa, ba bas. Ko zan turo masa muryar matar nan? Ba don shi ba, in ji shi, don mai ɗakinsa.

Na ce, “Sai dai ka kula da bakinka.”

“Ni ba irinka ba ne, bawana. Ni a zuci nake komai.”

Na tura masa tun daga darasin farko. Labarin da ke zuwa mini ta kan katanga shi ne, masu rumfunan da ke kusa da tasa a kasuwar Tibiri sun fara sanin abin da kaka ta dafa. Ban je ba tukuna. Ina jira ya kai darasi na shida, inda jaki ya ƙi tafiya, domin shi ya fi dacewa da shi.

Na koma wajen mai laima neman irin baƙin nan, ya ce shi ke nan guda ɗaya, kuma ko akwai ba zai gaya mini ba.

Abin da na rasa a wannan harka: ekutar biyar, ɗaya a bakin buhun gero, ɗaya a ruwan wanki, ɗaya a hanyar ruwan Jiratawa, ɗaya a cikin akuya, ɗaya a kunnen Bagobiri. Ƴar jaka guda. Kasona na naman suna. Da sunan da ubana ya raɗa mini, wanda yanzu surukata kaɗai ke kirana da shi.